Ruwa Ma Yana da Iyaka: Ladabin Kamun Kifi a Bakin Dam ɗin Tiga

Tun da aka gama sussukar dawa, sakatarorin waɗansu ƙungiyoyin gama kai na ekklesiyoyinmu a ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada su ke ta aiko mini da tambaya iri ɗaya. Suna so su sani ko ya kamata a ɗebi kuɗin asusu a sayi kwalekwale da kayan kamun kifi, domin samari su sami sana'a a Tiga da rani, maimakon su bar tsofaffi da mata su tafi cin rani Kano ko Kaduna ko Legas. Amsata ita ce, i, shawara ce mai kyau. Amma kafin a kai kuɗi kasuwa, ina roƙon kowace ƙungiya ta zauna a karanta mata wannan takarda, gama na ga yadda irin wannan kyakkyawar niyya ta kusa jawo wa wata ekklesiya baƙin jini a wurin maƙwabtanta.

Ga yadda abin ya faru. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, tun da ya ke an riga an shirya. Ƙungiyar ta sayi kalli sabo ful, ta ba samari huɗu, dukansu manoma ne 'ya'yan manoma, ba wanda ya taɓa kwana a kan ruwa. Suka isa gaɓa da la'asar sakaliya, ba su yi wa kowa sallama ba, suka hangi wani lungu inda ruwa ya shiga tsakanin duwatsu, suka shimfiɗa kallinsu suka komo. Ashe wani dattijo masunci ya riga ya kafa mamarinsa a wurin. Ga ma galan biyu da ya ɗaura don alama suna lilo a bisa ruwa, amma yaran sun zaci shara ce iska ta kawo. Da asuba suka tarar kalli da mamari sun sarƙe. Maimakon su nemi mai shi, sai suka zaro wuƙa suka datse igiyar mutumin gida uku domin su fid da nasu, suka kuma cire wani ragon ruwa da ya ke maƙale a ƙugiyarsa suka sayar. Kafin azahar magana ta kai gaban sarkin ruwa, daga can ta kai wurin dagaci. Aka ɗaure kwalekwalen a kwata ya yi mako uku ba a taɓa shi ba, ga kuma bashin da aka ci yana jira.

Hasarar kuɗin ba ta dame ni kamar abin da na ji ana faɗi a kasuwa ba. Ba wanda ya kira sunan iyayen yaran. Cewa a ke yi yaran coci ne suka yi sata a ruwa. Sai da Fasto da dattawa biyu da ni kaina muka ɗauki goro muka tafi gidan dattijon nan, aka biya igiya da ƙugiyoyi da kuɗin kifi, aka ba da haƙuri. Mutumin kirki ne. Ya ce mana da yaran sun zo sun gaishe shi tun ran farko, da shi da kansa zai shiga jirgi ya nuna musu inda za su sa kallinsu, ya kuma nuna musu inda kututture ya ke don kada ya yage musu kaya.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa yara masu tarbiyya, waɗanda ba za su karya ko zangarniya ɗaya a gonar wani ba, suka yi haka. Dalilin shi ne manomi ya san iyaka ta wurin gamba da dutse da itacen da kakansa ya dasa. In ya dubi ruwa ba ya ganin kome irin wannan, sai ya ce ai ruwa na Allah ne. Gaskiya ne, amma ƙasa ma ta Allah ce, duk da haka ba mu kan shiga gonar maƙwabci da garma ba. Ruwa yana da nasa iyakoki, masunta suna ganinsu sarai kamar yadda mu ke ganin kunya a gona.

Yadda muka zama maƙwabtan babban ruwa

Kakanninmu ba su san babban ruwa ba. Abin da suka sani shi ne Kogin Kano, wanda ya kan cika da damina ya janye da rani ya bar gurabe, sa'an nan gari ya sa rana a fita su gaba ɗaya da koma da gora. Ko a wancan zamani akwai doka, gama ba mai shiga gurbi kafin ranar da aka sa. A zamanin Gwamna Audu Bako ne aka datse kogin, aka fara aikin Dam ɗin Tiga a 1971 aka gama a 1974. Tsawon bangon ya kai kilomita 6, tafkin kuwa idan ya cika ya kan rufe fili kamar hekta 17,800. An yi shi ne musamman domin noman rani a Kadawa da Kura da kewaye, da kuma ruwan sha na birnin Kano, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce kuma ta ke lura da shi. Kifi ƙari ne da ya zo daga baya.

Da ruwa ya taru, sai masunta na gado suka biyo shi, suka kafa sansani a gaɓa, suka zo da kayan aikinsu da kuma al'adunsu. Yanzu shekara hamsin ke nan har da ɗoriya, 'ya'yansu da jikokinsu a nan aka haife su. Saboda haka manomin da ya sayi kwalekwale bana, ko da gonar ubansa ce ruwa ya ci, a kan ruwa shi ne baƙo. Hausawa kuwa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Abu na fari ke nan: a je a yi gaisuwa. Kowace kwata tana da babba, a wani wuri a kan ce da shi sarkin ruwa, a wani wuri sarkin masunta ko shugaban ƙungiyar masunta. Kada a tura yara su kaɗai. Shugaban ƙungiyar gama kai da dattijo ɗaya na ekklesiya su raka su, a faɗi ko su wane ne, da irin kayan da aka saya, a tambayi inda za a ɗaure jirgi, da wuraren da aka hana, da abin da a ke biya. Al'adar wannan kwata ta kan bambanta da ta waccan, shi ya sa tambaya ta zama tilas. Bayan wannan sai a nemi ma'aikacin sashen kifi na ma'aikatar gona a ji batun rajista da lasin. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasiɗi, sakatare ya liƙa a littafin ƙungiya.

Na san akwai 'yan'uwa da su ke ɗari-ɗari da wannan gaisuwa, suna cewa sarautar ruwa tana haɗe da tsafi. Ra'ayina shi ne, girmama shugaban wuri da bin tsarinsa abu ne dabam, shiga abin da bai dace da bangaskiyarmu ba kuma dabam. Muna gaida mai unguwa da dagaci da sarkin pawa ba tare da wani ya tambayi addininsu ba. In aka nemi wani abu da lamirinku bai ɗauka ba, ku faɗa da ladabi, na kuwa tabbata za a fahimta. Ni dai a duk yawona ba a taɓa neman kome a wurina ba sai sallama da gaskiya.

Kayan wani, wurin wani

Duk abin da ka gani yana lilo a bisa ruwa, gora ce, ko galan, ko guntun soso, ko sanda a kafe da tsumma a kanta, alama ce, akwai kayan mutum a ƙarƙashi. Wanda ya riga ya sa kayansa shi ke da wurin har ya ɗauke. Ba a shimfiɗa kalli a gicciye a kan na wani, ba a kuma sa shi daf da bakin na wani ta inda kifi ya ke shigowa, gama wannan daidai ya ke da tare wa mutum ruwa a lambu. Ba a ɗaga gurar wani, ko da don a leƙa kawai. Masunci ya san yadda ya ajiye abinsa, zai gane an taɓa, kuma ba zai yarda leƙawa kaɗai aka yi ba.

In kaya suka sarƙe, wannan ba abin faɗa ba ne, iska da igiyar ruwa su kan jawo haka kullum. Ka ɗaure wurin, ka nemi mai shi, ku warware tare. In ba makawa sai an yanka, naka za ka yanka, ko kuwa ka jira mai kayan ya ba da izini da bakinsa a gaban shaida. Kifin da ya ke maƙale a ƙugiyar wani nasa ne. Ku ma ku yi wa kayanku alama guda wadda kowa zai sani, ku nuna wa sarkin ruwa ita, domin ran da naku ya ɓace a san inda za a kai.

Mamari yana bukatar kashedi na musamman. Igiya ce doguwa mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, ba ta kuwa san bambancin tarwaɗa da ƙafar yaro ko hancin saniya ba. Kada a kafa shi kusa da mashayar dabbobi, ko inda mata su ke wanki da ɗibar ruwa, ko inda yara su ke wanka, ko a mashigin jiragen fito. Haka nan mai fatsa da mai jefa birgi daga gaɓa: in ka tarar da wani a zaune, ka yi sallama ka matsa gaba yadda igiyarka ba za ta kai tasa ba. Kada ka zo kana surutu da buga ƙafa, ko ka jefa birgi a kan inda ya zuba dusa tun jiya yana tara kifi. Burtalin da makiyaya su ke bi zuwa ruwa kuwa, a bar shi a buɗe, kada a shanya taru a kansa. Mun riga mun sha isasshiyar rigima a kan gonaki, kada mu ƙaro wata a bakin ruwa.

A kwata ma akwai tsari. Kowane jirgi yana da inda a ke ɗaure shi. Ba a ɗaukar filafilin wani ko jirgin wani ba da izini ba, sai dai don ceton rai. In mai saye yana ciniki da wani masunci, kada ka kira shi da ido ko ka karya kuɗi don ya dawo wurinka. Hanjin kifi da ɓawonsa a haƙa rami a binne nesa da mashaya. Kuma don Allah a hana yara yin fitsari da bayan gida a ruwa ko a gaɓa. Ta haka ne ƙwayar tsargiya ta ke shiga ruwa, ta zauna a jikin ƙananan katantanwa, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai magani, kada ya ce alamar balaga ce kamar yadda a kan faɗa.

Ran da babban kifi ya kama

Ba abin da ya ke raba abokai a bakin ruwa kamar babban kifi. Giwan ruwa ya kan yi girman da mutum ɗaya ba zai iya jawo shi ba. A bikin kamun kifi na Argungu na 2020, kifin da ya ci gasa nauyinsa kilo 78 ne, watau ya fi yawancin magidanta nauyi. In irin wannan, ko ma rabinsa, ya kama igiyar mutum, al'ada ita ce na kusa su janye nasu kayan su ba shi fili, wanda ya ke da jirgi ya kawo taimako in an kira shi. Kifin na mai ƙugiya ne, amma wanda ya taimaka yana da rabonsa, kuma abin kunya ne a hana shi. Shawarata ga 'yan ƙungiya ita ce a tambayi yadda a ke wannan rabo a kwatarku tun kafin ranar ta zo, gama bayan kifi ya hau tudu kowa ya kan tuna ya ja igiya fiye da yadda ya ja. Kada kuma mutum ya naɗe igiya a hannu ko a ƙugu. Babban kifi yana iya fizgar mutum ya faɗa ruwa. In abin ya fi ƙarfinka, ka sake ko ka yanke.

Kada mu zaci mu kaɗai ne mu ke fama da irin wannan. A bakin teku akwai wani ƙaton kifi mai haƙora da a ke kira shak, wanda ya kan ji wa masu wanka ciwo wani lokaci. A jihar Fulorida ta Amurka mutane su kan kama shi da fatsa daga gaɓa, a wuraren da iyalai su ke wanka, har abin ya zama gardama. Sai hukumar kifi ta jihar ta kafa doka wadda ta fara aiki ran 1 ga Yuli 2019. Duk mai shekara 16 ko fiye da zai yi wannan kamu sai ya ɗauki ɗan darasi ya karɓi takardar izini. An hana zuba jini da yankakken kifi a ruwa daga gaɓa don a jawo shak. Tilas mai kamu ya riƙe abin datse ƙugiya, irin shak ɗin da aka hana kashewa kuwa ba a fid da shi daga ruwa, nan take a ke sakinsa. Mu ba mu da shak a Tiga, amma ku duba ku gani, damuwarsu irin tamu ce: kada abin neman wani ya cuci mai wanka, kada kuma a ƙarar da iri.

Idon taru da lokacin ƙwai

A nan ne na ke so in daɗe, domin a nan ne kwaɗayi ya fi kama mu, a nan ne kuma manomi ya kamata ya fi kowa ganewa. Ba manomin da zai daka irin shukarsa ya yi tuwo don ya ga rumbu da saura. Ƙananan kifi su ne irin shuka na ruwa.

Gwamnatin tarayya ta kafa dokar kamun kifi a koguna da tafkuna a 1992. Dokar ta hana kamun kifi da tarun da idonsa bai kai milimita 76 ba, watau inci 3, sai dai waɗansu kaya na musamman da aka keɓe don wani ƙanƙanin kifi da ba ya girma. Ta kuma hana guba, da nakiya, da lantarki. Yadda a ke aunawa shi ne a ja idon tarun ya miƙe, a auna daga ƙulli zuwa ƙullin da ya ke fuskantarsa. Masu sayarwa su kan auna da yatsu, amma yatsun mutane ba ɗaya ba ne, na mai sayarwa kuwa ya kan ƙanƙance ran ciniki. Ku ari rula a wurin ɗan makaranta, ku yanki kara mai inci 3 daidai, wanda zai tafi saye ya sa shi a aljihu.

Dalilin inci ukun nan shi ne a bar karfasa ta girma ta yi ƙwai kafin ta shiga tukunya. Wanda ya taɓa buɗe bakin uwar karfasa ya san abin da na ke nufi. A bakinta ta ke ɗauke da ƙwai da 'ya'ya har su yi ƙwari, ba ta ko cin abinci sosai a kwanakin nan. Ka kama ta, ka kama ɗaruruwa. Tarwaɗa kuwa jira ta ke ruwan sama ya sauka, ruwa ya hau kan ciyawa, sai ta bi ta zuba ƙwai a wurin da bai kai gwiwa ba, a lokacin ne ma yara su ke bin ta da adda da tocila. Balli har sheƙa ya ke yi da ciyawa a ruwa marar zurfi, ya tsaya yana gadi. Duk wannan a gefen tafki a ke yi, daga farkon damina zuwa tsakiyarta, a daidai wurin da ya fi sauƙin kai wa ga marar jirgi. Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna a Maimaitawar Shari'a sura 22 an hana wanda ya tsinci sheƙar tsuntsu ya haɗa uwa da 'ya'ya ya kwashe. Ban ga abin da zai sa wannan hikima ta tsaya a kan tsuntsu kaɗai ba.

Abin farin ciki a gare mu shi ne lokacin ƙwan kifi ya zo daidai da lokacin shuka da noman fari. Masunci na gado yana da wuyar ajiye sana'arsa wata uku, gama ba shi da wata. Mu kuwa muna da gona. Saboda haka ina ba da shawara kowace ƙungiya ta rubuta a dokokinta cewa daga saukar ruwan shuka har a fara cin sabon gero, kallin ƙungiya yana rataye a ɗaki. In hukuma ko sarkin ruwa sun sa nasu lokacin hani, wannan ya zama wajibi a kan kowa.

Akwai abu biyu da na ke gani a gaɓa waɗanda su ke ɓata mini rai. Na ɗaya gidan sauro ne, wanda aka raba kyauta don a tsare mata masu ciki da jarirai daga zazzaɓi, sai ga shi an ɗinke biyu ko uku ana jan ruwa da shi. Ba ya barin kome, har ƙwai ya ke kwashewa, ga kuma maganin sauro a jikinsa, yaron da aka ba don shi kuwa yana kwance a gida sauro yana cizonsa. Na biyu shi ne dala, babban tarun nan da a ke zagaye ruwa da shi a jawo zuwa gaɓa. A tafkin Kainji, wanda ya fi namu girma nesa, dala ta yi ta kwashe 'ya'yan manyan kifaye har sai da aka hana ta a ƙarshen shekarun 1990. In wani ya zo ya ce ƙungiyarku ta haɗa kuɗi da shi a sayi dala, riba za ta fito da sauri, ku ce masa kun gode.

Mutanen Argungu, waɗanda bikinsu ya samo asali tun 1934, ba sa barin kowa ya taɓa ruwan Matan Fada sai ranar da aka buɗe shi, ranar ma da koma da gora kaɗai a ke shiga. Shi ya sa a ke samun kifin da a ke ɗauka mutum biyu ko uku. Ƙauyen da ya ke da kududdufi ko ƙaramin dam zai iya gwada haka: a rufe shi shekara guda, a sa rana, a raba.

Laifin da ya ke namu na manoma

Masunta suna da ƙara a kanmu, kuma suna da gaskiya. Idan ruwa ya janye da rani mu kan bi laka mu shuka masara da tumatir da albasa, mu yi feshi, sa'an nan mu gangara mu wanke famfon feshi a cikin tafki, mu jefar da kwalbar a nan. Na sha ganin ƙananan kifi sun taso ciki sama a irin wannan wuri. A ɗebi ruwa a bokiti, a hau tudu nesa da gaɓa da rijiya, a wanke a can, a huda kwalbar a binne ta.

Wanda ya zuba guba da gangan kuwa, ban san sunan da zan kira shi ba. A dā da magimfa a ke yi a ƙananan gurabe. Daga baya aka koma Gamalin 20, maganin ƙwari mai ƙarfi wanda ƙasashen duniya suka amince a 2009 a daina amfani da irinsa a gona saboda yadda ya ke daɗewa a ƙasa da ruwa da jikin mutum. Yanzu kowane irin maganin feshi a kan zuba. Guba ba ta zaɓe, ta kan kashe babba da ƙarami, saniya ta sha, yaro ya sha, kifin kuma a yi bandarsa a kai kasuwar Tudun Wada ko Kwanar Dangora, wata uwa ta saya ta sa wa iyalinta a miya. 'Yan Zumuntar Mata masu sana'ar banda, kada ku sayi kifin da aka kawo tuli guda, manya da ƙanana a gauraye, jikinsu ba alamar taru ko ƙugiya, ciki ya saki tun da safe, kome arharsa. In ɗan ƙungiya ne ya aikata, a karɓe kayan ƙungiya daga hannunsa, a kuma sanar da sarkin ruwa. Rufa masa asiri ba ƙauna ba ce.

Rai, da ranar Lahadi

Yawancin samarinmu ba su iya iyo ba, suna kuwa jin kunyar faɗi. A tambaye su ɗaya ɗaya. Wanda bai iya ba ya koya a wuri marar zurfi kafin ya hau jirgi, kuɗin rigar ruwa kuma a sa shi cikin lissafin sayen kwalekwale tun farko. Kada a yi lodi fiye da kima. Ba mu manta da hatsarin jirgin fito na Bagwai a dam ɗin Watari ba, a ƙarshen Nuwamba 2021, inda mutane fiye da ashirin suka rasu, yawancinsu yara. Tiga tana da faɗi, iska kuwa ta kan taso farat ɗaya, musamman da bazara gab da faɗuwar ruwa, da kuma kwanakin hunturu sa'ad da hazo ya ke ɓoye gaɓa. In ka ga tsofaffin masunta suna jawo jiragensu tudu, kai ma jawo naka, kada ka tsaya tambaya. A nisanci bakin ƙofofin da a ke sakin ruwa da kuma babbar hanyar ruwan da ta nufi Kadawa, gama ruwan wurin yana da ja, gefen kuma sumunti ne mai santsi. Wanda ya sha burkutu kada ya hau jirgi. Duk wanda ya ji kururuwa a ruwa kuma, ya bar kayansa ya nufi wurin, ko da abokin gabarsa ne. Wannan doka masunta ba sa wasa da ita.

Saura batun Lahadi, wanda wani dattijon ekklesiya ya tambaye ni. In aka bar kalli a ruwa daga yammacin Asabar zuwa safiyar Litinin, kifin da ya shiga zai mutu ya ruɓe, ya zama hasara, ya kuma ɓata ruwa. In kuwa aka ce a je a duba da asubar Lahadi, to, an san sauran labarin, kujerun samari za su zama wayam a majami'a. Abin da ƙungiyar nan da na ba da labarinta ta yi, bayan an sake mata jirgi, shi ne ta ɗauke kayanta duka ran Asabar da hantsi, a wanke a shanya a ɗinke inda ya yage, a mayar ran Litinin da yamma. Sun gaya wa sarkin ruwa haka, ya kuwa sanar a kwata cewa lungun da su ke sawa a buɗe ya ke ga kowa a kwana biyun nan. Ran Jumma'a kuma, sa'ad da maƙwabtansu suka tafi masallaci, biyu daga cikin samarin su ke zama a kwata suna gadin jirage da kifin da aka shanya. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya riƙe wuƙa ran nan, yanzu kuwa a wurin dattijon ya ke koyon ɗinkin taru.